Dajin gidan ƙwai iri-iri ne: nazarin lamarin wata mata da jini ya dawo mata bayan ɗaukewar al'ada

Matar tana da shekara 52 lokacin da ta fara zuwa asibiti a kan wannan matsala. Al'adarta ta ɗauke tun tana da 50, ta sha fama da zafin jiki mai taso mata farat ɗaya da gumin dare, har ta saba da su. Sai kawai jini ya dawo. Da farko ɗigo-ɗigo ne, ya yi kwana biyu ya tsaya. Bayan mako uku ya sake zuwa da ƙarfi, har da gudaji. Nonuwanta suka riƙa yi mata nauyi da tsami irin na gab da haila. Gumin daren kuwa tuni ya ɗauke ɗif. Wannan na ƙarshen daɗinsa ma ta ji, ba ta ga dalilin faɗa wa kowa ba, alhali shi ne alamar da ta fi kowacce nuna hanya. Ba za a ambaci sunanta a nan ba, haka ma wuraren da aka duba ta.

A asibitin farko an yi mata gwajin bakin mahaifa, ya fito lafiya, aka ba ta ƙwayoyin tsayar da jini, aka ce ta dawo idan bai tsaya ba. Daga nan aka fara asarar lokaci. Gwajin bakin mahaifa iyakarsa bakin mahaifa. Ba ya ganin abin da ke can cikin mahaifa, balle gidan ƙwai, wato gaɓoɓin nan biyu da ke dama da hagu na mahaifa. Kuma duk macen da ta shekara ba ta ga al'ada ba sannan jini ya zo mata, ƙa'ida ita ce a binciki cikin mahaifarta, ko da ɗigo ɗaya ta gani.

Bayan wata huɗu, da jiri ya fara ɗibanta saboda ƙarancin jini, aka yi mata hoton sikanin. Abu biyu suka fito. Shimfiɗar cikin mahaifarta ta yi kaurin milimita 14, alhali a macen da ta daina al'ada ba a so ta wuce 4 zuwa 5. Sannan ga ƙari a gidan ƙwai na dama, faɗinsa santimita 9, wani ɓangarensa nama, wani ɓangaren ruwa. Na hagu ya motse kamar yadda ake tsammani a shekarunta. Babu ruwa kwance a cikinta. Aka ɗibi jini don gwajin CA-125, sakamako ya fito 22, iyakar da ake ɗauka lafiya kuwa 35 ce. Ma'aikacin da ya miƙa mata takardar ya ce, “Hajiya, ki kwantar da hankalinki, gwajin daji ya fito lafiya.”

Ta kuwa kwantar, domin da fargaba ta zo. Ƙanwar mijinta ta rasu da dajin gidan ƙwai shekara ɗaya da rabi bayan an gano shi, kuma ita ce ta yi jinyarta. Ta ga yadda ciki ke cika da ruwa, a zuƙe, bayan 'yan kwanaki ya sake cika. Abin da ta sani game da wannan cuta ke nan.

Abin da likitar mata ta auna kafin a shiga tiyata

CA-125 ba gwajin daji ba ne, kuma wannan suna da aka laƙaba masa ya cuci mata da yawa. Wani furotin yake aunawa a jini, wanda Robert Bast da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1981. Yakan hau a wajen kusan kashi 80 cikin 100 na matan da nau'in dajin gidan ƙwai mafi yawa ya yi nisa a jikinsu, amma a matakin farko kusan rabi ne kawai ake ganin ya hau. Yana kuma hawa ba tare da daji ba: lokacin haila, da juna biyu, da ƙarin mahaifa, da tarin fuka idan ya kama tantanin ciki, da ciwon hanta mai tara ruwa. Abin da ya shafi wannan mata kuwa shi ne akwai nau'o'in dajin gidan ƙwai da sau da yawa ba sa taɓa wannan furotin, ƙarin yana girma shi kuwa sakamako yana nan ƙasa da 35.

Dalilin yana cikin ginin gaɓar kanta. Gidan ƙwai bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba a macen da ke shekarun haihuwa, amma nama iri uku ne a tattare da shi. Akwai fatar da ta lulluɓe shi. Akwai ƙwayoyin da ke zama ƙwan haihuwa. Akwai kuma naman da ke kewaye da ƙwan, yana renonsa, yana samar da sinadaran mace irin su istrojin. Kowanne daga cikin ukun yana iya rikiɗewa ya zama daji, kuma dajin da ya fito daga ɗaya bai haɗa komai da na ɗayan ba sai wurin zama. Shekarun da suke kama mace daban ne, saurin girmansu daban, alamarsu a jini daban, maganinsu ma daban. Hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata kimanin 324,000 ne suka kamu da dajin gidan ƙwai, kimanin 207,000 suka rasu. Adadi ne mai tayar da hankali, sai dai kuɗin goro aka yi wa cututtuka daban-daban a cikinsa, kuma nau'i ɗaya ne ya ɗauki mafi yawan mace-macen.

Likitar mata da aka tura ta wajenta ba ta yarda da lamba 22 ba. Ƙari mai nama a gidan ƙwan macen da ta daina al'ada abin zargi ne har sai an cire shi an duba. Tambayar da ta rage ita ce wane iri ne, domin amsar ce za ta faɗi irin aikin da za a yi.

Ta fara da wanda ya fi kisa. Kusan kashi 90 cikin 100 na dajin gidan ƙwai daga rukunin fata yake, wanda likitoci ke kira epitiliyal, kuma kusan 7 cikin 10 na wannan rukuni nau'in siros mai tsanani ne. Ya fi kama matan da suka haura 60 ko suke dab da ita. Abin da ya sauya fahimtar likitoci game da shi ya faru a farkon shekarun 2000, lokacin da aka fara yanka bututun ƙwai, wato hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, da aka cire wa lafiyayyun mata masu haɗarin gado ana dubawa dalla-dalla. Sai aka riƙa samun mafarin dajin a gezar bakin bututun, kafin ya taɓa gidan ƙwai. Wato yawancin wannan nau'i a bututu yake farawa sannan ya zubo. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta haɗa dajin gidan ƙwai da na bututu da na tantanin ciki a tsarin matakai guda. Shi ya sa kuma ake wahalar kama shi da wuri: tun yana ƙarami ƙwayoyinsa ke zuba cikin ciki, su manne a jikin hanji, da tantanin kitsen da ya rufe hanjin, da ƙarƙashin haƙarƙari. Mace za ta riƙa jin kumburin ciki, ta ci kaɗan ta ƙoshi, fitsari ya yawaita, mara na ciwo, a yi ta ba ta maganin gyambon ciki. Yawancinsu sai a mataki na 3 ko na 4 ake ganowa, gidan ƙwai biyun sun kamu, ruwa ya taru, CA-125 ya kai ɗaruruwa ko dubbai. Maganinsa babbar tiyata ce da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, a nan kabofilatin haɗe da fakilitaksel, yawanci zagaye shida, kowanne bayan mako uku. Da farko yakan ji magani sosai, amma a wajen mafi yawan waɗanda ya yi nisa yakan dawo cikin shekara biyu zuwa uku. Tun daga 2014 an samu ƙarin magunguna irin su olafarib, waɗanda suka fi amfani ga masu lahani a ƙwayoyin gado na BRCA, lahanin da ke ƙara haɗarin wannan daji. Duk abin da matar ta ba da labari game da ƙanwar mijinta ya yi daidai da wannan nau'i. Nata hoton kuwa bai yi ba: gefe ɗaya, babu ruwa, babu alamar yaɗuwa.

Wanda likitar ta fi daɗewa a kansa shi ne endometiroid, shi ma daga rukunin fata. Ƙwayoyinsa suna kama da na shimfiɗar cikin mahaifa, yakan taso daga cutar endometiriyosis, wato inda irin wannan shimfiɗa ke tsiro a wajen mahaifa, kuma ba baƙon abu ba ne a same shi tare da dajin cikin mahaifa a lokaci guda. Ƙari a gefe ɗaya, shimfiɗa mai kauri, jini bayan ɗaukewar al'ada: duk sun dace. Ɗan'uwansa, wanda ƙwayoyinsa ke fitowa garau a ƙarƙashin madubin bincike, shi ma yana da alaƙa da endometiriyosis. An fi samunsa a Jafan, inda ya kai kusan kashi ɗaya bisa huɗu na rukunin fata. Yana jawo daskarewar jini a jijiyoyi, kuma ba ya jin kemo yadda siros mai tsanani ke ji.

Akwai nau'in da ke cika da ruwa mai yauƙi, wanda kan yi girma har ya kai santimita 20 ko 30 a gefe ɗaya. Shi ma CA-125 ba ya cika nuna shi. Idan aka ga irinsa dole a duba tumbi da hanji da afendiks, domin sau da yawa daga can dajin ya taso, gidan ƙwai masauki ne kawai. Tun a 1896 wani likita Bajamushe, Friedrich Krukenberg, ya bayyana wani irin ƙari a gidan ƙwai wanda daga baya aka tabbatar yawanci daga tumbi yake zuwa, kuma har yau da sunansa ake kiransa. Saboda haka aka ƙara mata gwajin jini na alamomin dajin hanji, suka fito lafiya. Siros mai sanyi, wanda ke kama mata masu ƙarancin shekaru yana tafiya a hankali, da ƙarin nan na kan iyaka da bai cika zama daji ba, su ma an tuna da su aka wuce.

Da a ce 'yarta mai shekara 24 ce ta zo da ƙari mai wannan girma, da lissafin ya juye gaba ɗaya. A 'yan mata da waɗanda ba su kai 30 ba, abin da ake fara zargi shi ne rukuni na biyu, wanda ke fitowa daga ƙwayoyin da ke zama ƙwai. Mafi yawan ƙarin wannan rukuni ba daji ba ne. Shi ne ƙullutun nan da idan aka yanka ake samun gashi da kitse, wani lokaci har da haƙori. Na dajin cikinsu, irin su disjaminoma da teratoma marar nuna, ba su da yawa, amma suna girma cikin makonni, har yarinya ta zo da matsanancin ciwon ciki saboda ƙarin ya murɗe ko ya fashe. Alamominsu a jini su ne sinadaran AFP da LDH, da kuma hCG, sinadarin nan da gwajin juna biyu ke nema, shi ya sa wani lokaci ake zargin yarinya da ciki alhali ƙari ne. Abin farin ciki, suna daga cikin dajin da ya fi jin magani. Tun da aka fara amfani da sisfilatin a shekarun 1970, haɗinsa da bilomaisin da etofosaid yana warkar da mafi yawansu ko da cutar ta yaɗu. Don haka ake cire gefen da ya kamu kawai, a bar mahaifa da ɗaya gidan ƙwan, kuma da yawansu suna haihuwa daga baya. Babban kuskure a nan shi ne a yi wa budurwa aikin da aka tsara don siros mai tsanani, a kwashe mata komai. A shekara 52 dai wannan rukuni ba shi ne abin tunani ba.

Saura rukuni na uku, wanda ke fitowa daga naman da ke renon ƙwai. Likitar ta sake duba tarihin da aka rubuta, ta ce, “Hajiya, zafin jikin nan da gumin dare da kika yi fama da su, suna nan?”

“Wallahi likita sun tafi, tun kafin jinin nan ya fara. Ni har godiya nake yi.”

Ƙarancin istrojin ne ke kawo wannan zafi da gumi. Idan suka tafi farat ɗaya, nono ya yi nauyi, shimfiɗar mahaifa ta yi kauri ta fara zubar da jini, to istrojin ya dawo jiki. Ta tabbatar ba ta shan wani magani mai sinadarin. Saura a ce ƙarin ne ke samar da shi. Gwaji ya nuna istrojin ya hau, sinadarin FSH da ya kamata ya yi sama a shekarunta ya yi ƙasa, sannan inhibin B ya yi tashin da ba shi da wani bayani sai ƙari. Ƙwayoyin giranulosa ne, waɗanda ke zagaye da ƙwai suna renonsa, ke samar da inhibin B, kuma bayan ɗaukewar al'ada kusan ba a iya gano shi a jini.

An ɗibi ɗan nama daga cikin mahaifa aka duba: shimfiɗar ta yi yawa amma ba ta zama daji ba. Wannan mataki ba a tsallake shi, domin a cikin masu ƙarin giranulosa, wato ƙarin da ke fitowa daga waɗannan ƙwayoyi, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ana samunsu da dajin cikin mahaifa da istrojin ɗin ya haifar. Shi kansa ƙarin ba a soka masa allura ba. Ƙarin da ke ƙunshe cikin fatarsa, idan aka huda shi, an buɗe wa ƙwayoyinsa hanyar zuba cikin ciki.

Tiyata da abin da madubi ya nuna

Aka buɗe cikin a tsaye, aka wanke shi da ruwa aka ajiye ruwan don bincike, aka cire mahaifa da gidan ƙwai biyu da bututunsu da tantanin kitse, aka ɗibi nama daga wurare daban-daban na tantanin ciki. Ba a kwashe kaluluwa ba, domin wannan rukuni ba ya cika bi ta can. Da mace ce mai shekara 30 da ke son haihuwa, cutar kuma a gefe ɗaya, da an cire gefen kawai. Matsala ɗaya aka samu: ƙarin ya manne da bangon ƙugu, kuma wajen ɓamɓaro shi fatarsa ta tsage, ruwa mai haɗe da jini ya ɗan zubo. Ƙarin giranulosa yana da taushi, yana saurin fashewa. Wannan tsagewa kaɗai ta ɗaga matakin cutar daga 1A zuwa 1C1, wato har yanzu mataki na 1 ne amma ƙarin ya zubo yayin tiyata.

Da aka raba ƙarin biyu, namansa rawaya ne, da ramuka cike da tsohon jini. A ƙarƙashin madubi ƙananan ƙwayoyi ne birjik, cibiyar kowacce da ɗan tsagi a tsakiyarta, wasu sun yi da'ira sun zagaye ɗigon ruwa kamar suna ƙoƙarin renon ƙwan da babu shi. Waɗannan da'irori ana kiransu da sunan Emma Call da Sigmund Exner, waɗanda suka fara bayyana su. Likitan binciken nama bai tsaya a nan ba, domin kama da wane ba ta wane: endometiroid yana iya yin irin wannan siffa, akwai kuma tekoma, ƙari marar daji daga rukunin nan na uku, wanda shi ma ke samar da istrojin. Rinin da ake yi wa nama ya kama inhibin, bai kama alamomin rukunin fata ba. Sannan aka nemi wani sauyi a ƙwayar gado mai suna FOXL2. A 2009 ne masu bincike a Bankuba ta ƙasar Kanada suka gano cewa sauyin harafi ɗaya tak a wannan ƙwaya yana cikin kusan kashi 97 cikin 100 na ƙarin giranulosa irin na manya. An same shi a nata. Ruwan wankin ciki da sauran naman da aka ɗiba ba su nuna daji ba.

Da aka ce wa matar daji ne, kuka ta fashe da shi, ta ce ita ta san ƙarshen wannan ciwo, ta gani da idonta. An ɗauki lokaci kafin ta yarda cewa ba cuta ɗaya ba ce da ta ƙanwar mijinta. Ƙarin giranulosa bai wuce kashi 5 cikin 100 na dajin gidan ƙwai ba. Mafi yawansa a mataki na 1 ake kama shi, sau da yawa saboda jinin da yake jawowa yana tona asirinsa, kuma fiye da 9 cikin 10 na waɗanda aka kama a wannan mataki suna raye bayan shekara biyar.

Likitocin sun yi muhawara a kan kemo. Wasu suka ce tunda ya tsage a ba ta. Wasu suka ce babu hujja mai ƙarfi da ta nuna kemo yana hana wannan nau'i dawowa a matakin farko, ga shi kuma yana da illa ga jijiyoyi da ƙoda da jini. Aka bar ta a kan sa ido. A ganina shawarar daidai ce, amma da sharaɗi ɗaya wanda shi ne ginshiƙinta: sa idon ba shi da ranar ƙarewa. Cikin makonni inhibin B ya sauka har ba a ganinsa. Gumin dare ya dawo mata, kuma ba a ba ta istrojin don rage shi ba, saboda ana gudun ya ciyar da wata ƙwaya da ta saura.

Tambayar 'yarta

'Yar ce ta tambayi abin da uwar ta kasa tambaya. “Likita, abin da ya samu Mama ni ma zai same ni? Ko in riƙa yin gwajin nan duk shekara?”

Sauyin FOXL2 a cikin ƙarin kaɗai yake, ba a gadonsa. Da rahoton ya ce siros mai tsanani ne, da amsar ta bambanta ƙwarai. Kusan kashi 15 cikin 100 na masu wannan nau'i sun gaji lahani a BRCA1 ko BRCA2, ƙwayoyin gado da aka gano a 1994 da 1995, bayan Mary-Claire King ta nuna wurin da ta farkon take a 1990. Mace mai lahani a BRCA1 haɗarinta na kamuwa a tsawon rayuwa ya kai kusan kashi 40 cikin 100, mai BRCA2 tsakanin 11 da 17, alhali a sauran mata bai kai kashi 2 ba. Ana gadonsa ta wajen uwa, ana gadonsa ta wajen uba. A nan ne likitar ta ja hankalinsu ga wani abin da ba su lura da shi ba: wadda ta rasu ɗin gwaggon yarinyar ce, jininsu ɗaya ta wajen uba. Idan akwai abin bincike a gidan, to a can yake. Aka tura 'yar wajen masu ba da shawara kan cututtukan gado, aka bi tarihin dangin uban, aka yi mata gwajin BRCA, ya fito babu lahani. Da an samu, da an ba ta shawarar cire bututu da gidan ƙwai bayan ta gama haihuwa, tsakanin shekara 35 da 40 idan BRCA1 ne.

Gwajin shekara-shekara kuwa an hana ta. A Birtaniya an bi mata fiye da 200,000 masu shekara 50 zuwa 74, wasu ana yi musu CA-125 duk shekara, wasu sikanin, wasu ba a yi musu komai. Sakamakon ƙarshe da ya fito a 2021 ya nuna binciken bai rage mace-mace ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya

Shekara biyun farko bayan tiyatar, matar tana zuwa asibiti duk bayan wata uku zuwa huɗu, daga baya duk wata shida. A shekara ta shida ta koma wani gari. Likitan da ta samu a can ya duba taƙaitaccen bayanin da ta zo da shi, wanda abin da aka rubuta a ciki kawai shi ne dajin gidan ƙwai, mataki na 1, an yi tiyata. Ya taya ta murna, ya ce ta wuce shekara biyar, ta warke. Ba ta sake komawa ba.

Maganar shekara biyar tana da tushe a nau'o'i da yawa. Siros mai tsanani idan zai dawo da wuri yake dawowa, dajin ƙwayoyin ƙwai ma yawanci cikin shekara biyu. Giranulosa kuwa ba haka yake ba. Kusan mace ɗaya cikin huɗu ko biyar yakan dawo mata, sau da yawa bayan shekara huɗu zuwa shida, kuma an sha samun wanda ya dawo bayan shekara 20, har 30. Ban ga laifin likitan sosai ba. Takardar da aka ba shi ce ta bar kalmar da ta fi kowacce muhimmanci, wato sunan nau'in.

Tana da shekara 63 ta fara jin wani nauyi a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Tunda babu mahaifa, babu jinin da zai yi gargaɗi a wannan karo. Aka yi mata CA-125 saboda tarihinta, ya sake fitowa lafiya, aka sake rasa wata uku. 'Yarta ce ta tono asalin rahoton binciken nama a cikin tsofaffin takardu ta kai wa likita. Da ganin kalmar giranulosa ya aika a auna inhibin B, aka tarar ya hau. Hoton CT ya nuna ƙari biyu, ɗaya mai santimita 6 a saman hanta, ɗaya mai santimita 4 a ƙugu, gefen da na farko ya tsage.

A wannan nau'i tiyata ce kan gaba idan ya dawo, muddin za a iya cire duk abin da ido ke gani, kuma an samu nasarar yin hakan. Bayan aikin aka sake zama a kan magani. An ajiye haɗin da ke da bilomaisin saboda yana lahanta huhu, haɗarin kuma yana ƙaruwa da shekaru. An tattauna kabofilatin da fakilitaksel, ta ce tana so a jinkirta tunda babu ƙarin da ya rage. Aka ɗora ta a kan letirozol, ƙwaya ɗaya kullum, maganin da aka fi sani a dajin nono, wanda ke hana jiki haɗa istrojin. Hujjar amfaninsa a giranulosa daga ƙananan bincike take, an kuma gaya mata haka ɓaro-ɓaro kafin ta amince.

Yanzu tana fama da ciwon gaɓoɓi da safe, wanda sanannen abu ne da wannan magani, kuma ana auna ƙarfin ƙashinta saboda yana rage shi. Duk bayan wata uku zuwa huɗu ana ɗibar jini a auna inhibin B da AMH, wani sinadarin da ƙwayoyin giranulosa ke samarwa, a yi hoto idan ɗaya ya motsa. A saman sabuwar takardarta an rubuta cikakken sunan nau'in, da gwajin da za a yi, da gargaɗin cewa kada a dogara da CA-125 kuma kada a sallame ta daga sa ido. Idan ya sake dawowa, za a fara duba ko tiyata ta uku za ta yiwu, domin akwai matan da aka yi wa aiki sau da dama a kan wannan cuta suka yi shekaru masu yawa suna harkokinsu.